Kajin Toka-toka Na Gidan Inna

Assalamu alaikum. Ni mutuniyar ƙasar Mafara ce, amma yanzu a Gusau nake zaune da iyalina. Sana'ata biyu, ɗinkin hula da kiwon kajin Hausa, kuma kiwon ne ya fi riƙe ni. Sai dai ba kiwon a tara kaji a jira Sallah nake yi ba. Launi nake bi. Ina zaɓar zakara da kaza in haɗa su da gangan don 'yan tsakin su fito da gashin da nake nema: toka-toka, ko wake-wake, ko baƙi ƙirin mai sheƙin kore. Na san abin da ya zo wa wasu a rai da jin haka, domin a ƙasarmu duk wanda aka ga ya matsa wa launin kaza, cewa ake aiko shi aka yi. Zan zo kan wannan. Amma labarin daga gidan kakata ya faro.

An haife ni a wani ƙauye cikin waɗanda ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Kakata ta wajen uba ce ta ɗauke ni yaye, ba ta mayar ba. Inna muke ce mata. Wanda ya tashi a ƙauye ya san kaza ba ta da shinge: kajin gida goma a juji ɗaya suke tono, da magariba kowace ta nufi akurkinta. To da me mace za ta gane tata? Da launi. Na sha ganin mata biyu sun kai har gaban mai unguwa a kan jar kaza guda, kowace tana rantsuwa tata ce. Kuma ba ƙaramin abu ake wa rigimar ba. Kaza ita ce sabulun mace, ita ce kuɗin allurar yaro, ita ce gudummawar biki, in ta yi albarka ta zama akuya. Inna ta raba kanta da wannan fitina cikin sauƙi. Ta ce ita toka-toka kawai za ta riƙa ajiyewa, tunda ba kowa ke da su ba. Har ta kai ko yaro ya ga kaza ruwan toka a bakin rijiya zai ce ga kazar gidan Inna.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata mata rai. Kajin ba su taɓa ƙyanƙyashe 'ya'ya iri ɗaya ba. Uwa toka-toka, zakaran gida toka-toka, amma in aka duba gurbi sai a ga wasu baƙaƙe, wasu toka-toka, wasu kuma farare da ɗigon toka jefi-jefi. Ina yarinya na tambaye ta, "Inna, don mi ɗiyan ba su biyo uwassu duka?" Ta ce, "Ke ɗiyag ga, aikin zakarun maƙwabta na. Kin taɓa ganin an yi ma kaza kulle?" Baƙaƙen takan bayar a sayar ranar Talata a kasuwar Mafara. Fararen kuwa ba ta ƙaunar ganinsu, ta ce su shirwa ke fara hangowa daga sama, kuma ko sun tsira ba su da kyan gani. Su ne na baƙo. Da an yi sallama daga nesa, ɗaya ya shiga tukunya.

An yi mini aure a 1997, shekara ɗaya bayan ƙirƙiro jihar Zamfara. Cikin kayan da Inna ta haɗa mini har da sagara biyu da ɗan zakara, duka toka-toka. Gidan maigidana a gefen gari yake, da fili a baya, sai na ce bari in gwada abin da Inna ta ce ba a yi. Na sa aka kafa mini babban keji da kara da wayar raga, na yi wa kaji kulle. Wani dattijo mai sayar da kaji ne ya ƙara mini haske. Ya ce in dai kaza ta yi yawo, ƙwan da za ta saka cikin mako biyu zuwa uku yana iya zama na tsohon zakara, domin barbara tana daɗewa a jikinta. Don haka duk kazar da zan haɗa, sai ta yi mako uku ba ta ga baƙon zakara ba. Ƙwan wannan tsakanin mu soya. Har yau a kan haka nake.

Na cika sharaɗi, kaza ta hau kwanci, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Baƙi, toka-toka, fari mai ɗigo. Ba zakaran maƙwabci, ba kowa. Ɗayar ta sauko, haka. Daga nan abin ya daina ba ni haushi, ya koma ba ni mamaki. Bokona a firamare ya tsaya, amma ƙirga ba ta gagare ni ba. Na samu tsohon littafin rubutu na ja layi uku, duk ƙyanƙyasa in sa sanda-sanda a ƙarƙashin kowane launi. A gurbi ɗaya ba ka ganin komai. Yau baƙaƙe su rinjaya, gobe a rasa fari ko ɗaya. Sai da shekaru suka tara lissafin na ga ashe da tsari yake tafiya: toka-toka wajen rabi, ɗaya rabin kuma baƙi da fari su raba kusan daidai.

Sauran kuwa ɗana na fari ne sila. Yana ƙarami ya maƙale wa wani farin ɗan zakara mai ɗigo, ya ce nasa ne, duk ranar da aka ɗauko wuƙa sai ya cika gida da kuka. Ubansa ya ce a bar masa. Zakara ya girma, ba inda zan sa shi, sai na jefa shi cikin baƙaƙen kajin da nake tarawa don sayarwa. Ɗaya ta yi kwanci. Ranar da na ɗaga ta, 'yan tsakin nan kaf toka-toka, ba bare ko ɗaya. Na ce wataƙila dace ne. Ta biyu ta ƙyanƙyashe, haka. Abin da Inna ta daɗe tana nema wajen haɗa toka da toka, ashe yana jikin biyun nan da take kora daga gida. Na zuba 'yan tsakin a ƙwarya na rufe da faifai na tafi nuna mata. Lokacin idonta ya fara rauni, sai da ta ɗauki ɗaya ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Da na gama yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, "Ashe mun daɗe muna cinye iri da tuwo." Ta yi ta dariya har da hawaye.

Wanda bai taɓa riƙe toka-toka ta ƙwarai a hannu ba zai ce ai launin banza ne, ba ja ba fari. Ka kama ta da hantsi ka duba ƙirjinta. Kowane gashi tsakiyarsa toka ce mai haske, gefensa kuma da siririn layi mai duhu da ya zagaye shi, kamar an zizara masa kwalli. Gashi na hawa kan gashi, layukan suna haɗuwa, ƙirjin ya zama zane guda tun daga wuya har cinya. Ni da na saba ƙirga zare a hula, wannan layin nake fara dubawa. In ya yanke ko ya dushe, kazar ta miya ce. Wani abin da na lura da shi daga baya, wannan gadon na toka-toka, baƙin launi kawai yake wankewa, ba ruwansa da ja. In ya shiga jikin jan zakara, jan yana nan daram, wutsiyar da ya kamata ta zama baƙa ce za ta koma toka.

Aikin yau da kullum ba wani abin burgewa ba ne. Ƙwai in an saka, in rubuta alamar uwa da fensir a ɓawonsa. Ba kowace kyakkyawar kaza ce ta iya kwanci ba, don haka ina ajiye wasu tsofaffi marasa kyan gani waɗanda aikinsu ke nan, in zuba musu ƙwai goma ko sha biyu. Ɗan tsako ya bushe in ɗaura masa zaren hula a ƙafa, kowace uwa da kalar zarenta, in riƙa sassautawa yana girma don kada ya ci masa fata. Sai haƙuri, domin gashin haihuwa yana yaudara. Ɗan tsakon da ka gani baƙi wuluk, a wata na huɗu ja yana iya tsattsafo masa a wuya. Ba na zaɓe sai sun kai wata biyar ko shida. Wanda bai yi ba, sabo da kaza ba ya hana yanka.

Wake-wake ce ta fi wahalar da ni, domin iri biyu ce, kuma gadonsu ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai wadda in ka cire gashinta guda za ka ga ratsin baƙi da fari a gicciye, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Akwai kuma wadda gashin baƙi ne, bakinsa kawai ke da ɗigon fari. Daga nesa duk roɗi-roɗi ne, a kasuwa kuɗinsu ɗaya.

Ta biyun ɓuya gare ta. Ka haɗa ta da baƙin zakara, 'ya'yan duka su fito baƙaƙe, ka rantse launin ya ɓace. Ka haɗa 'ya'yan nan junansu, sai ga shi ya dawo a jikoki, wajen ɗaya cikin huɗu. Kuma duk shekara in ta zubar da gashi ta sake sabo, farin ƙaruwa yake yi. Wadda ta yi daidai a shekararta ta farko, a ta uku ta wuce gona da iri, shi ya sa mai ɗan ƙarancin fari nake ajiyewa.

Mai ratsin kuwa karin magana ta juya mini. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Nan, in uwa ce mai ratsi uba baƙi, to mazan duk uwa suke biyowa, matan kuma kaf su fito baƙaƙe irin uban. Tun ranar ƙyanƙyasa ake ganewa: duk ɗan tsakon da ke da ɗan farin tabo a tsakar ka, zakara ne. Na riƙa gaya wa maƙwabta tun suna kwana ɗaya, wannan namiji ne, wannan mace, in sun girma a ga haka ne. Wannan ma ya ƙara jawo mini surutu.

Ɗan nan nawa mai kukan zakara ya girma ya tafi kwalejin aikin gona ta Bakura. Ya zo hutu ya tarar ina duba tsohon littafina, ya karɓa ya yi ta buɗawa, ya ce, "Mama, wallahi wanga lissahi shi aka koya muna." Ya ba ni labarin wani limamin coci a Turai mai suna Mendel, wanda ya yi shekaru yana haɗa irin wani wake a lambu yana ƙirgawa, ya buga sakamakonsa a 1866, ba a kula ba sai a 1900, bayan ya mutu. Ya ce daga baya masana biyu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Bateson da Punnett, da kaji suka yi nasu gwajin, kuma wata kaza ruwan toka ta ƙasar Sifen tana cikin misalan da ake koyarwa har yau. Kowane ɗan tsako rabo biyu yake karɓa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda bai samu mai wanke baƙin ba ya fito baƙi, wanda ya samu ɗaya ya fito toka, wanda ya samu biyu ya wanke har ya koma fari mai ɗigo. Shi ya sa toka da toka ba za su taɓa ba da toka zalla ba, ko shekara ɗari za a yi. Ratsin wake-wake kuwa tare yake tafiya da abin da ke raba namiji da mace: zakara yana da mazauninsa biyu, kaza ɗaya, kuma ita 'ya'yanta maza kaɗai take miƙa wa nata. Dalili ke nan da zakaran da ya gaji ratsi ta uwa da uba ya fi matan haske. Irin wannan dabarar ce ma, ta ja da fari, masu gidajen ƙyanƙyasa ke bi su ware jajayen kajin ƙwai daga fararen 'yan zakarun da ake sayar mana da arha a kwali. Na ji daɗin bayanin. Amma abin da ya fi yi mini daɗi, na samu amsar da zan riƙa ba mutane.

Domin surutun ya daɗe yana bina. Kowa ya san su wa ke yawo kasuwa suna neman baƙar kaza marar sofane, ko jan zakara, ko fari fat, ko wake-wake, ko shazumami. Boka ne ya faɗa musu, ko mai bori, kuma sau da yawa ko tayi ba su yi. Da labari ya bazu cewa akwai matar da ke fitar da launin da take so, sai irinsu suka fara sallama a ƙofar gidanmu, mafi yawa bayan magariba. A Islamiyya na ga ana jan jiki daga inda na zauna. Ƙanwar maigidana ta same ni har ɗaki ta ce, "Yaya, mutane na cewa ke ka yi ma bokaye kiwo." Maganar nan ta yi mini zafi ƙwarai.

Maigida ya kai ta gaban malaminsu na zaure. Malam ya ce kiwon kaza halas ne kowane launi, Allah da kanSa Ya ambaci saɓanin launukan mutane da dabbobi a Suratu Faɗir. Amma in mutum ya bayyana maka yanka ga wanin Allah zai yi, kada ka sayar masa. A kan wannan na tsaya. Ba na bincikar zuciyar kowa, sai dai alamu ba su ɓuya. Mai son kiwo yana tambayar watanninta nawa, uwarta na kwanci, me take ci. Wancan kuwa ba ruwansa ko gurguwa ce, fukafukai kawai yake ɗagawa yana neman farin gashi. In na ga haka sai in ce ba ta sayarwa ba ce. Kuɗi masu kauri sun wuce ni ta nan, su je. Daga baya na sauya tsari: ba na sayar da kaza tilo, sai zakara da mata biyu, kuma da rana tsaka. Mai neman ta yanka ba ya son wannan ɗawainiya.

Shazumami kam akwai roƙon da nake wa masu kiwo a kanta. Gashinta mai murɗewa yana da kasuwa, sai kwaɗayi ya sa mutum ya haɗa shazumami da shazumami don ya samu da yawa. Wajen ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su gaji abin ta gefe biyu, gashinsu ya zama siriri mai karyewa, su tashi kusan tsirara, rana ta ƙona su, hunturu ya ƙarasa su. Na gani a gidan wata, abin tausayi. Ka haɗa ta da mai kwantaccen gashi, rabi za su fito shazumami masu kyau, ya ishe ka.

Hunturun nan shi ne kuma lokacin fakat, mai share kajin gari, ka ga kaza ta murɗe wuya tana koren zawo. A da barkono da sassaƙen maɗaci ake jiƙa musu, mai sauran kwana ta tashi. Wanda ya yi shekaru yana gina iri ba zai zauna a kan wannan ba. Wani ma'aikacin dabbobi ya koya mini rigakafin da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Ba na bari kaka ta wuce ban yi ba, in maimaita bayan wata uku ko huɗu. A 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, abin bai iso mu ba, amma tun lokacin ba mai shiga mini keji da takalmin da ya taka kasuwa.

Abin da ya iso mu shi ne wanda ya iso kowa a Zamfara, wato 'yan bindiga. Ba zan tsaya ba da labarin dararen da muka kwana a gona ba. Waɗanda suka rasa 'ya'ya da mazaje sun fi ni cancantar magana. A 2019 maigida ya ce mu tashi. Mota ɗaya ce, ga mutane ga buhunan hatsi ga katifu, aka ce kwando ɗaya za a ɗaukar mini. A tsaye na yi zaɓin, direba yana ta danna ham. Na kama farin zakara mai ɗigo, da baƙaƙen kaji biyu, da zakara mai ratsi da matarsa. Ban ɗauki toka-toka ko ɗaya ba. Matan da ke wurin suka ce ruɗewa ce ta sa na bar masu kyau na kwashi na banza. Ban tsaya bayani ba. Kafin mu yi wata uku a Gusau, baƙar kaza ta farko ta sauko daga kwanci da 'yan tsaki ruwan toka a bayanta. Wake-wake mai ɗigo ce ban samar wa wuri ba. Na bar wa maƙwabciya, ita ma daga baya ta tashi, irin ya tafi ke nan.

Zaman haya a birni daban ne. Ba juji, ba gara, komai sai an saya: dusa, tsakin dawa, ƙuli-ƙuli. Ɗiyata ce ta fara ɗaukar hotonsu tana sawa a WhatsApp da Facebook, sai ga masu kira daga Sakkwato, Birnin Kebbi, Funtuwa, har Kano, ma'aikata da 'yan kasuwa masu son ƙawata gida. A sa a kwali mai huji a ba direba a tasha. Ana cikin haka, a watan Satumba na 2021, aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. Ba kira, ba kasuwa, kaji kuwa ba su san da doka ba, ci suke. Zakaru da yawa muka cinye a wannan tsakanin, na bar na iri kawai.

Ƙarancin kajin da na fito da su ya kawo nasa. Uba ya barbari ɗiya, wa ya barbari ƙanwa, launi yana ƙara kyau jiki yana lalacewa. Baragurbi ya yawaita, 'yan tsaki suna fitowa ƙanana, wasu da karkatattun yatsu. Ba launin da ya kai a yi wannan asarar. Ƙanena yana bin kasuwanni, Mafara ranar Talata, Shinkafi ranar Alhamis in hanya ta yi kyau, shi nake sawa ya nemo mini baƙin zakara, musamman na ruga, don kajin Fulani sun fi tsayi da ƙashi. In ya zo sai ya yi mako biyu a keɓe kafin ya ga sauran. Baƙon zakara kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, da gadon da ba a gani yake tafe. Haihuwa biyu ko uku ana fama da ja a wuyan 'ya'yansa kafin a tace, kuma na yarda da hakan. In zan zaɓi iri, lafiya nake fara dubawa, sannan iya kwanci da reno, launi a baya. Kazar da ta fi kowa kyau amma ta watsar da 'ya'yanta shirwa ta kwashe, ba ta sake kwana a kejin iri.

Abin da ke damuna yanzu, samun zakaran Hausa tsantsa ma ya fara wuya. Kajin gidan gona masu launi-launi sun shiga ko'ina, kuma ni ban ga laifinsu ba. Suna saurin girma, mai neman kuɗin Sallah ta yi daidai da ta kiwata su. Laifin namu ne da muke sakinsu cikin kajin gida ba tsari. Yawancinsu ba su kwanci. In jini ya gauraya, bayan 'yan shekaru sai ka tarar da gari cike da manyan kaji, a rasa wadda za ta hau ƙwai. Durgu da mai tsiraicin wuya da muka tashi muna gani a kowane juji, yanzu in yarana suka ci karo da ɗaya sai sun zo sun ba ni labari. Alhali mai tsiraicin wuyan nan ita ta fi jure zafin bazara, sa'ad da sauran ke buɗe baki suna haki.

Masu saye kuma har yau a kan abu ɗaya muke fama. Mutum zai zo ya ce zakara toka-toka yake so da mata toka-toka, zai je ya tara irinsu. In gaya masa gaskiya, rabi kawai zai samu. In toka zalla yake so, ga farin zakara mai ɗigo, ga baƙaƙen mata, ya ɗauka, sun ma fi arha. Sai ya dube su ya dube ni, ya ɗauka ragowa nake son kakaba masa. Mafi yawansu masu kyan suke tafiya da su. Bayan wata biyu ko uku waya ta yi ƙara: "Hajiya, anya ba a samu kuskure ba? Kazar nan fa ta ƙyanƙyashe har da baƙaƙe da farare." In ce masa ya riƙe su da kyau, kada ya yanka ko ɗaya, in sun kai wata shida ya sake kirana.